Fashin baƙi: Wane girman keji ne zai ishi ƙaramar mesar da samari ke kiwo?

Shin gaskiya ne ƙaramar mesa ta fi son matsatsin wuri, har a ce robar zuba gari ta ishe ta zaman shekara da shekaru? Ko kuwa sai an ƙera mata keji mai tsawon gadon yaro? Gardamar ke nan da ta ɓarke a majalisarmu ta shayi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ranar da wani yaron unguwa ya buɗe wayarsa ya nuna mana macijin da yake kiwo. Shekara guda ke nan mesar tana cikin farar roba a ƙarƙashin gadonsa. Da na ce masa wurin ya yi mata kaɗan, sai ya ce, "Kawu, ai Turawa ma haka suke ajiye su, ka duba YouTube ka gani, robobi ne jere." Wani dattijo da ke gefe ko kallon wayar bai yi ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Maciji a ɗaki? Allah ya sawwaƙe."

Yaron bai yi ƙarya ba, akwai masu yin haka. Amma ya ɗauki rabin zance ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ya fi shafar mu da ke zaune a Kumasi.

Wace mesa ake nufi?

Idan Bahaushe ya ji an ce mesa, wadda ke zuwa masa a rai ita ce ƙatuwar nan mai haɗiye akuya, wadda tsawonta kan haura mita 4. Ba ita ake nufi ba. Wannan ƙanwarta ce, masana na kiranta Python regius, Turawa kuma sun sa mata suna mai nufin mesar ƙwallo, domin idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya kamar curin fura. Ba ta da dafi. Namiji yakan tsaya a ƙafa 3 zuwa 3 da rabi, mace ta fi shi tsawo da kauri, takan kai ƙafa 4, wata har 5. Da wuya ƙwarai a ga mai ƙafa 6.

'Yar ƙasarmu ce. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da Uganda, kuma Ghana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da ita waje. Miliyoyi aka kwasa daga ƙasashen nan uku tun shekarun 1970, akasari zuwa Amurka. Wato macijin da yaron nan ke koyon kiwonsa daga bakin Ba'amurke, kakanninsa daga gonakin rogo da masara na yankinmu aka tono su.

Bambanta ta da babbar mesa shi ne matakin farko na zancen keji. Wanda ya saya daga hannun mafarauci ko manomi yana iya tashi da jaririyar babbar mesa ba tare da ya sani ba, tunda suna ƙanana ba kowa ke rarrabe su ba. Wannan kuwa ba kejin da kafinta zai ƙera a ɗakin haya ya riƙe ta bayan shekara uku.

Sai tsawon rai. Ƙaramar mesa a hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30. A 2020 wata da ke gidan namun daji na St. Louis a Amurka ta saka ƙwai tana da kimanin shekara 62. Duk wanda ya ɗauko ta yana saurayi, ya sani za ta iya ganin ɗaurin aurensa, ta ga sunan 'ya'yansa, wataƙila har da yayen jikansa.

Daga ina zancen "ta fi son matsatsi" ya fito?

Tushensa biyu ne, ɗaya daga daji, ɗaya daga kasuwa.

Na daji gaskiya ne. Da rana mesar nan cikin rami take wuni, ramin gafiya ko na kurege da aka bari, ko cikin suri. Tana son ta ji jikinta na taɓa bango ta kowane gefe. Idan aka sa ta a babban akwatin gilashi wanda babu komai ciki sai kwanon ruwa, hankalinta ba zai kwanta ba, za ta ƙi cin abinci, wani lokaci watanni. Masu kiwon farko sun ga haka, suka mayar da ita cikin ƙaramar roba mai duhu, ta ci. Sai suka yanke hukuncin cewa faɗi ne ba ta so.

Na kasuwa kuma lissafi ne. Mai kiwon sayarwa da ke da macizai 300 ba zai iya ba kowacce kejin ƙafa 4 ba. Sai aka ƙirƙiro kanta mai robobi da ake ja kamar durowa, kowace roba maciji ɗaya, waya mai ɗumi ta bi ta bayansu. Sharewa da sauƙi, kuɗin wuta kaɗan, kuma macizan na ci suna haihuwa. Hujjar masu wannan tsari ke nan har gobe: dabbar da ke ci, tana saɓa lafiya, tana saka ƙwai, ina alamar wahala a jikinta?

Masu sukarsu na cewa kazar gidan gona ma tana saka ƙwai a kejin da ba ta iya buɗe fiffike. A 2021 wasu masu bincike na jami'ar Munich a Jamus suka sa ido kan mesa 35, da farko a cikin irin robobin nan, daga baya a manyan keji masu rassa da wurin ɓuya da kwamin ruwa. A cikin roba sun fi yawan dannan bango da baki. Da aka ba su wuri sai ga su suna hawa, suna shiga ruwa, suna tono, suna kwanciya ƙarƙashin fitila. Halayen suna nan a jikinsu, wurin yi ne babu.

A ganina kuskuren ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Maɓoya daban, mazauni daban. Mutum ma yana son ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu ya kwanta, amma ba wanda zai yarda a toshe masa ƙofar tsakar gida saboda haka.

Abin da take yi idan duhu ya shiga

Mafarauta da rana suke tono ta, shi ya sa kullum a dunƙule a rami suke samunta. Da almuru take fitowa, ta bi gefen gona tana neman ɓera, namiji kuma a lokacin barbara yakan yi yawo sosai. Wani binciken da aka wallafa a 1998 kan waɗanda aka kama a kudu maso gabashin Najeriya ya gano cewa mazan tsuntsaye suka fi ci, matan kuma ɓeraye da makamantansu. Maciji ba ya kama tsuntsu yana kwance a rami. Ke nan tsayin keji ma yana da amfani, ba tsawo da faɗi kaɗai ba.

A auna macijin, a bar zancen shekarunsa

Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce: tsawon keji kada ya gaza tsawon macijin, ta yadda zai iya miƙewa sambal ba lanƙwasa. Faɗi ya kai rabin tsawon, tsayi ma haka. Akwai masu sassauci da ke cewa idan aka haɗa tsawo da faɗin keji suka kai tsawon macijin ya wadatar. Wannan ita ce iyakar ƙasa, ba a gangara mata.

Daga nan aka samo awon da yawancin masu kiwo na yanzu suka tsaya a kai ga babbar da ta gama girma: ƙafa 4 tsawo, ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 tsayi, wato santimita 120 da 60 da 60. Namiji ya samu wadata a wannan. Macen da ta doshi ƙafa 5 kuwa, a ƙara mata zuwa 5 ko 6. Tsofaffin rubuce-rubucen Amurka na ambaton akwatin gilashi mai cin galan 40, wanda tsawonsa ƙafa 3 ne, faɗinsa ƙafa ɗaya da rabi. Ya ishi matashiya, amma zaman dindindin ya yi kaɗan. Awon galan ma ruɗu ne, don akwati na iya zama dogo sama kamar randa, galan da yawa, amma ƙasansa bai kai tabarmar sallah ba.

Wajen awo mutane da yawa na ɗaukar saɓar da ta yar su shimfiɗa a kan tef. Saɓa tana miƙewa lokacin fita, kullum ta fi macijin tsawo. Gara a bar ta ta bi gindin bango, a sa alama da alli a inda kai da wutsiya suka tsaya, ko a bi bayanta da zare a hankali sannan a auna zaren.

Falanki ɗaya ya isa

A nan ne abin ya fi yi mana daɗi fiye da Bature, wanda sai ya yi odar kejin roba mai tsada. Falankin filawud da ake sayarwa a kasuwar katako ta Sokoban ƙafa 8 ne da ƙafa 4. A yanka shi gida huɗu, kowanne ƙafa 4 da 2: ɗaya ƙasa, ɗaya rufi, ɗaya baya, na huɗun a raba shi biyu ya zama gefe da gefe. Falanki ɗaya ya tashi keji cif, sai ɗan abin da zarto ya ci. Gaba kuma aikin masu taga ne, gilashi biyu masu zamewa a kan layin alminiyam, da ɗan katako mai tsayin inci 5 ko 6 a ƙasa don ya tare shimfiɗa.

A gaya wa kafinta ya yi amfani da mai kauri, ya shafe ciki da abin da zai hana ruwa shiga katako, a toshe kusurwoyi, sannan a bar shi ya sha iska makonni har wari ya fita tas kafin a sa dabba. A huda ƙofofin iska a gefe biyu a rufe da waya mai ƙarfi, ba ragar sauro ta roba ba. Kuma a sa makulli. Mesar nan ba ta da gudu amma akwai ƙarfin tsiya, takan ɗaga murfin roba ko ta ture gilashi da hanci, kuma duk inda kanta ya shiga to ta kama hanyar fita. A ɗora kejin a kan teburi, nesa da bango kaɗan, saboda gara da kwarkwasa.

Ƙofar gaba ta fi ta sama. A daji abin da ke zuwa mata ta sama shaho ne, don haka hannun da ya sauko daga rufi tsoro yake ba ta.

Sai cika ciki, wanda shi ne ke sa babban keji ya zaunu. Maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, masu girman da idan ta dunƙule za ta cika su. Tukunyar ƙasa a kife da aka fasa wa ƙofa aka goge kaifin, ko ƙwarya, duk sun yi. Reshe mai kauri guda ɗaya ko biyu a gicciye, a kafe shi sosai. Kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Tsakanin maɓoyan a zuba busasshen ganye da ɓawon itace yadda za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji a fili take ba. Shimfiɗa kuwa ba sai an yi odar komai ba: ɓawon kwakwar da masu sayarwa ke zubarwa a bakin titi shi ne Turawa ke saya a leda. A daddatsa, a wanke, a shanya ya bushe. Garin katakon injin zarto a bar shi, ƙura ce da ragowar maganin da aka fesa wa katako.

Zafin Kumasi ba irin na Amurka ba ne

Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, wuri yake canzawa. Idan ya ci abinci ya matsa inda ke da ɗumi don ya narke, idan ya ji zafi ya koma inuwa. Abin da ake so a keji shi ne ƙarshe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗayan kuma ya tsaya tsakanin 24 da 27. A cikin robar ƙafa 2 da wuya a samu wannan bambanci, kusan ko'ina zafi ɗaya ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta dogon keji, ta fi ta miƙewa ma.

Duk bidiyon da yaranmu ke kallo damuwarsu sanyi ce, shi ya sa zancensu fitila da tabarmar ɗumi. Mu damuwarmu akasin haka ce. Ɗaki mai rufin kwano babu silin, a watan Fabrairu ko Maris da azahar, kowa ya san yadda yake. Idan zafi ya wuce digiri 35 ya daɗe, mesar na cikin haɗari, kuma a rufaffiyar roba ba ta da ramin gudu irin na daji. Akwatin gilashi kusa da taga inda rana ke bugawa kuwa tanda ne. Kada a ce ai 'yar ƙasa ce ta saba. 'Yar ƙasa ce, amma tsakar rana a ƙarƙashin ƙasa take yin ta.

Don haka a nemi kusurwar da ta fi sanyi a ɗakin, a sa ma'aunin zafi a ƙarshe biyu na kejin, a riƙa dubawa da azahar da asuba. A Yuli da Agusta, lokacin da gari ke lumshewa kwana da kwanaki, ƙaramar fitila a gefe ɗaya da rana za ta taimaka, a kewaye ta da waya don kada ta naɗe ta ta ƙone. Duk abin ɗumamawa sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai iyaka. Ɗaukewar wuta na awanni, dumsor ɗinmu da muka saba, ba ta cika cutar da ita a nan ba. Wanda ke kwana da na'urar sanyaya ɗaki shi ne ya mayar da ɗakinsa Turai, shawarar Turawa ta hau kansa.

Laima ana so ta tsaya tsakanin kashi 60 da 80 cikin ɗari. Yawancin shekara iskar Kumasi ta ba da wannan kyauta, har ma abin tsoro shi ne shimfiɗa ta jiƙe ta yi funfuna, cikin macijin ya ruɓe. Ƙaramar roba ta fi saurin yin gumi. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, sai a ga saɓa ta fita guntu-guntu ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Maganinsa a ɗan jiƙa shimfiɗar maɓoya ɗaya, a ƙara girman kwanon ruwa.

Wani abu da babu Baturen da zai tuna ya faɗa: maganin sauro. Na feshi da na kunnawa duk guba ne ga maciji. Ɗakin da ake rufewa a fesa kowane dare ba wurin ajiye keji ba ne, komai girmansa. Haka ɓeran da aka kama a gida ko a kasuwa, ba a san ko ya ci guba ba.

Jaririya fa?

Sabuwar ƙyanƙyasa ba ta wuce santimita 25 zuwa 40 ba. Akwatin ƙafa 2 ya ishe ta watannin farko, kuma ya fi sauƙin lura da ko tana ci. Amma girma take da sauri, cikin shekara uku ta kusa kai iyakarta. Mai son ya huta da kashe kuɗi sau uku yana iya sa ta a babban kejin tun farko, in dai ya cika shi da ƙananan maɓoya biyar ko shida, ya kuma toshe ratar da ke tsakanin gilasan biyu, don ta nan jarirai ke sulalewa. Keji ɗaya maciji ɗaya. Idan aka ga biyu sun naɗe a maɓoya guda, wurin suke takara a kai.

Dalilin da ya sa namu ke ƙarewa a ƙarƙashin gado

Da na matsa wa yaron da tambaya, sai ta fito fili cewa ba YouTube ne ya sa shi zaɓar roba ba. Ɓoyewa yake. A gidan haya mai ɗaki goma sha, kejin ƙafa 4 mai gilashi ba ya ɓoyuwa. Kuma a Ghana, saurayin da aka gani da maciji a ɗaki, kafin la'asar labari ya kai bakin titi cewa ɗan sakawa ne, wato mai damfarar intanet da tsafi, macijin kuɗi yake masa amai. Ko babu wannan zargi, maƙwabta suna da hujjar tsoro. Da yawa sun taso ne a arewa inda kububuwa da kasa ke kashe mutane a gona, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uwar da ta ga maciji a bakin bayan gida ba za ta tsaya tambayar ko mai dafi ne ba, taɓarya za ta ɗauka, mai gida kuma ya biyo da takardar tashi.

Ta fuskar addini, malamai da yawa ba sa ganin dacewar saye da ajiye maciji, wannan kowa ya tambayi malaminsa. Amma wanda ya riga ya tsare dabba, haƙƙinta ya hau wuyansa. Duk ɗan makarantar allo ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Hukuma ma tana da ta cewa. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji shi ke ba da izinin kamawa da ajiyewa da fitar da naman daji, kuma kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta da kamu. Mesar nan tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta sa ta cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Manoma ma suna da asara a kwasarta, tunda ita ke rage musu ɓeraye.

Ni dai ra'ayina, wanda ɗakinsa ba zai ɗauki kejin ƙafa 4 a bayyane ba, da sanin mai gida da na maƙwabta, to lokacin kiwon mesa bai yi masa ba. Ya yi kiwon tantabara.

Yadda ake gane wuri ya yi kaɗan

Hanci ne ke fara nunawa. Idan kullum dare tana danna baki a murfi ko kusurwa har wurin ya yi ja ko ya saɓule, fita take nema. Wadda ba ta motsi kuma takan yi ƙiba, a ga fata na bayyana tsakanin ɓawon jikinta, bayanta ya zama kamar tsiran alade. Yawan zama cikin kwanon ruwa na nuna ko zafi ya yi yawa, ko ƙananan kaska sun kama ta. Ƙin cin abinci shi kaɗai ba hujja ba ne, babban namiji kan yi azumin watanni lafiyarsa lau, sai dai idan ana ganin rama. Bayan taɓa ta ko share kejin a wanke hannu da sabulu, don macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, musamman ga yara ƙanana.

Bayan kwana biyu yaron ya same ni a bakin masallaci da zare a aljihu. Mun auna a kan tef ɗin tela: ƙafa 3 da inci 4. Robar kuwa ƙafa 2 ce ba inci biyu. Ya ce ya yi magana da wani kafinta, kuɗin falanki da gilashi ba za su gagare shi ba. Abin da ya rage masa shi ne Hajiya mai gidan, wadda har yanzu ba ta san da wa take kwana a gida ɗaya ba, kuma ya roƙe ni in raka shi.